Manyan Taurarin da Ke Mutuwa Shiru: Taƙaitaccen Tarihi

Kaza da 'ya'yanta da muke gani a sama yau su ne dai kakanninmu suka gani, a wuri ɗaya kuma cikin tsari ɗaya, saboda haka ba abin mamaki ba ne in mutum ya ɗauka taurari ba su tsufa, balle su mutu. Amma suna mutuwa. Abin da nake so in bi tarihinsa a wannan maƙala shi ne yadda masana ilmin falaki suka gano haka, musamman kuma yadda suka daɗe ƙwarai kafin su lura cewa waɗansu daga cikin manya-manyan taurari ba su yin irin mutuwar nan mai haskaka sama da aka saba ba da labari. Waɗansu fashewarsu ba ta da ƙarfi, waɗansu kuwa ana zaton sulalewa kawai suke yi, a neme su a rasa. Dalilin wannan jinkiri, a ganina, duk mai nazarin tarihi ya san irinsa: abin da ido ya gani shi alƙalami ke rubutawa, ido kuwa mai haske yake fara gani.

Baƙin taurari

Mu fara da shekarar 1006. Wajen ƙarshen watan Afrilu na wannan shekara wani sabon tauraro ya bayyana can ƙasa-ƙasa ta sashen kudu, kuma a duk tarihin da aka rubuta ba a sami wanda ya kai shi haske ba. Ali bn Ridwan, wanda daga baya ya zama shahararren likita a Masar, yana saurayi a lokacin, ya kuwa gan shi da idonsa. Cikin sharhin da ya yi wa wani littafin Baɗlimus, masanin nan na Iskandariyya, ya bayyana cewa tauraron ya ninka Zuhura girma sau biyu da rabi zuwa uku, haskensa kuma ya ɗan ɗara rubu'in hasken wata. Mutanen Sin da na Japan sun rubuta labarinsa, haka ma waɗansu 'yan zuhudu na Kirista a garin St Gallen na ƙasar Suwizalan.

Bayan shekara 48 sai ga wani. Masu duban sama na fadar daular Sung ta ƙasar Sin sun rubuta cewa ranar da ta yi daidai da 4 ga Yuli 1054 wani baƙon tauraro, kamar yadda suke kiran irinsu, ya fito a burjin Sauru, watau burjin da Kaza da 'ya'yanta suke. Kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, bai kuma ɓace wa masu duba da dare ba sai watan Afrilu na 1056. Ibn Buɗlan, wani likita Kirista mutumin Bagadaza, shi ma ya ambace shi, ya danganta shi da annobar da ta auku a zamanin. Sai mai karatu ya riƙe wannan tauraro a ransa, don za mu komo kansa.

Sauran biyun a Turai aka fi saninsu. Na 1572 Tycho Brahe, mutumin Denmak, ya auna shi ya nuna cewa yana can nesa ƙwarai bayan wata, abin da ya karya tsohuwar koyarwar Aristo cewa saman taurari ba ta sākewa. Na 1604 kuwa Johannes Kepler ya bi shi har ya dushe, 'yan shekaru kaɗan kafin a ƙera madubin hangen nesa. Tun daga ranar ba a sake ganin irin wannan da ido zalla a cikin gungun taurarinmu ba.

To, ga inda maganar take. Daga cikin waɗannan huɗu, binciken zamani ya nuna cewa uku, watau na 1006 da na 1572 da na 1604, ba mutuwar manyan taurari ba ce ko kaɗan. Fashewar wani ɗan ƙaramin tauraro ne da ake kira farin wada, wanda girmansa bai wuce na duniyarmu ba, ragowar tauraro ne irin rana da ya riga ya ƙare. In ya tara nauyi daga maƙwabcinsa ya wuce kima, sai ya kama da wuta gaba ɗaya ya tarwatse. Ashe shahararrun mutuwoyin da tarihi ya adana mana galibinsu na ƙanana ne. Manyan kuwa, waɗanda lissafi ya nuna sun fi yawan fashewa, ɗaya tak muka samu a cikin huɗun.

Yadda babban tauraro ke ƙarewa

Sunan da ake kiran wannan fashewa da shi, watau sufanoba, bai daɗe ba. A 1885 an ga wani sabon tauraro a cikin hazon nan na Andromeda, ba a kuwa gane ainihinsa ba, sai da Edwin Hubble ya nuna a cikin shekarun 1920 cewa Andromeda wani gungun taurari ne mai zaman kansa, can nesa da namu. Nan aka gane cewa abin da za a hango daga irin wannan nisa lalle haskensa ya fi na rana sau miliyoyi barkatai. A 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky, suna aiki a Kalifoniya, suka ware irin wannan fashewa suka ba ta suna, suka kuma ce abin da ke saura bayanta shi ne wani dunƙulallen tauraro na nutiron zalla. Shekara biyu ke nan kacal da James Chadwick ya gano ƙwayar nutiron ɗin kanta. Wannan hasashe nasu na cikin mafi ƙarfin hali da na sani a tarihin kimiyya, ya kuwa tabbata.

Ba za a fahimci sauran labarin ba sai an san abin da ke gudana a cikin tauraron. Muddin tauraro yana raye, abu biyu ne ke ja-in-ja a cikinsa. Nauyinsa yana danna shi ciki, zafin da cibiyarsa ke haifarwa kuma yana tokare shi, kamar yadda ginshiƙi ke riƙe rufin soro. Zafin yana fitowa ne daga haɗewar ƙananan sinadarai su zama manya. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye yakan shafe shekaru miliyoyi yana mai da haidurojin hiliyam, sa'an nan ya koma ƙona hiliyam, sai kabon, sai niyon, sai iskar oksijin, sai silikon, kowane mataki ya fi na bayansa gajarta. Na ƙarshen, kwana ɗaya ne ko 'yan kwanaki. Abin da yake bari shi ne baƙin ƙarfe, shi kuwa toka ne a wannan murhu, ba ya ba da zafi kome matsin da aka yi masa. Da zarar curin ƙarfen ya kai kamar nauyin rana ɗaya da rabi, ginshiƙi ya karye. Cikin ƙasa da sakan ɗaya abin da ya kusa girman duniya sai ya murƙushe ya koma ƙwallon da faɗinsa bai wuce 'yan gomiyoyin kilomita ba.

Daga nan wata igiyar ƙarfi takan taso daga cibiyar ta nufi waje. Sai dai ba ta yin nisa take cijewa, saboda sauran jikin tauraron yana ta zubowa a kanta. Abin da ke iya tashinta shi ne waɗansu ƙwayoyi marasa nauyin kirki da ake kira nutirino, waɗanda ke kwashe kashi 99 cikin 100 na dukan ƙarfin rushewar. In ɗan abin da suka bari a baya ya isa, igiyar ta farfaɗo ta yi watsi da jikin tauraron, mu kuma mu ga sufanoba. In bai isa ba, kome sai ya faɗa ciki. Tun daga shekarun 1960, lokacin da Stirling Colgate da Richard White suka fara lissafa wannan da kwamfuta, masana sun sha ganin taurarinsu na lissafi sun ƙi fashewa. Shekara da shekaru suna ɗora laifin a kan lissafin, kuma da gaskiyarsu, gama lissafin farko ya sauƙaƙa abubuwa da yawa. Amma ƙin fashewar ma wani saƙo ne da ba a yi saurin karantawa ba.

Ba a rasa masu faɗakarwa ba. Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder sun nuna cewa tauraro mai tsananin nauyi yana iya ci gaba da murƙushewa har haske ma ya kasa fita daga gare shi, abin da yanzu ake kira baƙin rami. Takardarsu ta fito ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta afka wa Folan, saboda haka duniya tana da abin da ya fi damunta. A 1980 kuma Dmitri Nadyozhin na Tarayyar Sobiyat ya lissafa cewa ko da tauraro ya faɗa baƙin rami, nauyin da nutirino suka kwashe farat ɗaya yana iya sa fatarsa ta waje ta saɓule a hankali, ta ba da ɗan haske ja mara ƙarfi. Wannan ma an kusa shekara talatin ba wanda ya fita neman sa.

Wanda ƙura ta rufe

Kafin mu isa ga taurarin da fashewarsu ke da rauni, ya kamata a raba su da waɗanda aka tare mana haskensu kawai. A 1948 Martin Ryle da Graham Smith na Kambirij, suna sauraron sama da na'urar rediyo, suka ci karo da wani abu a rukunin taurarin Kasiyofiya, wanda ya fi kome ƙara a wajen iyalin rana. Da aka duba sai aka tarar ragowar fashewar babban tauraro ce, mai nisan tafiyar haske ta shekara kamar 11,000. Da aka auna saurin bazuwar tarkacen aka yi lissafi baya, sai aka ga hasken fashewar ya iso duniya wajen 1680.

Abin mamaki a nan shi ne, zamanin Newton ne, Turai cike take da masu madubin hangen nesa, wurin kuma ba ya faɗuwa daga samansu duk shekara, amma ba wanda ya yi shelar ganin kome. Abin da kawai aka samu shi ne, John Flamsteed, masanin falaki na Sarkin Ingila, ya rubuta wani ɗan dusasshen tauraro a kusa da wurin ranar 16 ga Agusta 1680, wanda ba a sake ganinsa ba. Waɗansu sun ce shi ne, waɗansu sun ce kuskuren awo ne. A 2008 aka kama hasken fashewar da ya bugi wani gajimaren ƙura mai nisa ya juyo mana a makare, kamar amsa-kuwwa, aka kuma tabbatar fashewa ce sosai mai ƙarfi. Bayanin da aka fi karɓa shi ne ƙura ce ta shiga tsakani, yadda hazon hunturu kan mai da rana farin faifai har yaro ya dube ta ido da ido. Saboda haka wannan bai shiga lissafinmu ba, illa dai ya koya wa masana cewa babban tauraro na iya mutuwa a maƙwabtansu ba su sani ba.

Masu raunin gaske

Ranar 23 ga Fabrairu 1987 hasken wata fashewa ya iso daga Babban Gajimaren Magellan, wani ƙaramin gungu da ke raɓe da namu, nisan tafiyar haske ta shekara kamar 168,000. Ian Shelton da Oscar Duhalde a ƙasar Cile, da Albert Jones a Niyu Zilan, su suka fara lura da ita. 'Yan sa'o'i kafin hasken, na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyat sun kama nutirino ashirin da 'yan kai, abin da ya gaskata bayanin da na kawo a sama. Amma ba ta yi hasken da aka zata ba a makonnin farko, domin tauraron shuɗi ne matsattse, ba jibgegen ja irin wanda littattafai suka ce shi ke fashewa ba. Ta kuma ba da ma'auni mai amfani. Hasken sufanoba na watannin baya yana fitowa ne daga wani nau'in ƙarfen nikel da fashewar ke ƙerawa, wanda ke rikiɗa ya zama kobal, kobal kuma ya zama baƙin ƙarfe. Ta 1987 ta ƙera nikel kamar kashi 7 cikin 100 na nauyin rana.

Da wannan ma'auni aka gane baƙuncin wadda aka gani a Janairun 1997 a gungun NGC 1536. Nikel ɗinta bai wuce kashi 2 cikin 1,000 na nauyin rana ba, tarkacenta kuma yana tafiya da saurin kilomita kamar 1,000 a sakan, alhali na sauran yakan ninka haka sau da yawa. Nan gardama ta tashi. Massimo Turatto da abokansa na Italiya suka ce tauraro ne mai nauyin rana 26, wanda yawancin nikel ɗinsa ya koma ciki ya faɗa baƙin rami. Nikolai Chugai da Victor Utrobin na Rasha suka ce a'a, ƙarami ne daga cikin manya, wanda da kyar ya cancanci fashewa. Hujja ta zo a Yunin 2005, sa'ad da wani Bajamushe mai duban sama don sha'awa, Wolfgang Kloehr, ya gano wata mai irin wannan rauni a gungun M51. Aka koma tsofaffin hotunan madubin Hubble aka ga tauraron kafin ya mutu: ja ne, nauyinsa kuma wajen na rana 8 zuwa 10 ne ko ɗan sama. Ra'ayin mutanen Rasha ya sami ƙarfi ke nan, aƙalla game da yawancin irin waɗannan.

Wannan ya mai da mu ga baƙon tauraron 1054. Ragowarsa ita ce hazon da ake kira Ƙaguwa, wanda John Bevis ya gano a 1731, aka kuma sami tauraron nutiron a tsakiyarsa a 1968, yana juyawa sau 30 a sakan. Da aka auna nauyin tarkacen da saurinsa, sai aka tarar ƙarfin fashewar bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da aka saba gani ba. Watau ɗaya tilon nan na babban tauraro a cikin huɗun, shi ma mai rauni ne, kusanci ne ya taimake shi, don nisansa tafiyar haske ce ta shekara kamar 6,500. Ken'ichi Nomoto na Japan ya ba da bayani tun farkon shekarun 1980, cewa tauraro mai nauyin rana 8 zuwa 10 yana iya rushewa tun bai kai ga ƙera baƙin ƙarfe ba, ya yi fashewa mara ƙarfi. A Maris 2018 Koichi Itagaki, shi ma ɗan sha'awa ne ba ma'aikacin jami'a ba, ya gano wata a gungun NGC 2146, wadda Daichi Hiramatsu da abokansa suka bayyana a 2021 cewa ta dace da siffofin da Nomoto ya zana. Yawan 'yan sha'awa a cikin wannan tarihi abin lura ne. Manyan madubai ba su da lokacin zaman jira, su kuwa waɗannan mutane suna da shi.

Neman wanda babu

Saura manyan na can sama. A 2009 Stephen Smartt na Belfast da abokansa suka tattara duk fashewar jajayen taurari da aka sami hoton tauraron kafin mutuwarsa. Sai suka ga nauyinsu ya tsaya tsakanin na rana kamar 8 da kamar 17. Alhali kuwa an san akwai jajayen da suka kai nauyin rana 25. Ina waɗannan suke zuwa? An yi ta muhawara a kan awon, waɗansu suna cewa ƙura ce ke sa a rage musu nauyi a lissafi, amma tambayar ta zauna. Daɗin daɗawa, a Satumban 2015 na'urar LIGO ta Amurka ta ji girgizar karon baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana kamar 36, ɗaya kamar 29. Irin waɗannan dole daga wani wuri suka fito.

Wahalar ita ce, yaya za a ga abin da alamarsa ita ce rashin alama? Christopher Kochanek na Jami'ar Jihar Ohayo da abokansa sun ba da shawara a 2008, wadda a ganina ita ce mafi kyawun dabara a duk wannan labari saboda sauƙinta. Suka ce a riƙa ɗaukar hoton gungu kusan talatin na kusa da mu a kai a kai, masu ɗauke da manyan taurari kamar miliyan ɗaya, sa'an nan a riƙa kiran suna kamar yadda malami ke yi a aji, a ga wa ya daina amsawa. Suka yi aikin da wani madubi mai ido biyu a Arizona, kowane ido faɗinsa mita 8.4.

Wanda ya daina amsawa ya fito ne daga gungun NGC 6946, gungun da aka ga sufanoba goma a cikinsa tun daga 1917. Tauraro ne ja mai nauyin rana kamar 25, aka sa masa suna N6946-BH1. A 2009 ya ƙara haske na 'yan watanni har ya kai na rana sau miliyan, wanda a ma'aunin sufanoba ba kome ba ne, ya kuma yi kama da abin da Nadyozhin ya lissafa. Sa'an nan ya dushe. Da aka juya madubin Hubble wurin a 2015, ba a same shi ba, sai ɗan ɗumi-ɗumin haske irin wanda ido ba ya gani. Scott Adams da Kochanek da abokansu suka bayyana a 2017 cewa mai yiwuwa an ga haihuwar baƙin rami.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A 2023 Emma Beasor da abokan aikinta suka duba wurin da madubin James Webb, suka tarar abin da ake ɗauka ɗigo ɗaya ne ashe uku ne, suka kuma ce hasken ya fi kama da na taurari biyu da suka haɗe suka lulluɓe kansu da ƙura. Kochanek da nasa mutanen suka dubi hotunan nan guda, suka amsa cewa hasken da ya rage ya yi kaɗan ƙwarai in aka gwada da na tauraron farko, kuma tauraron da ya haɗiye ɗan'uwansa ƙara haske ya kamata ya yi. Ni dai hujjar Kochanek ta fi kwanta mini, domin ƙura tana sauya wa haske launi ne, ba ta cinye shi ya ɓace. Abin da zai raba gardamar kuwa kowane ɓangare ya san shi: in ƙura ce, za ta yi ta bazuwa tana sirancewa har tauraron ya sake leƙowa, in kuwa baƙin rami ne, ɗan ɗumin da ya saura zai ci gaba da raguwa shekara bayan shekara.